Fata Ba Bango Ba Ce

Duk unguwar babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Buroshi ake ce masa, domin tun yana saurayi ba a ganinsa sai da buroshin fenti soke a aljihun baya. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, irin wanda zai hau tsani har hawa na uku yana fito, bokiti a hannu ɗaya, rola a ɗayan, ko gezau. Amma a nuna masa allura, sai ka ga ƙaton nan ya yi laushi kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. Kowa a gidan ya san da wannan, kuma babu wanda ya taɓa raga masa a kai.

Ciwon ya fara masa ne a gwiwar hannu. Wani ɗan tabo ne mai kauri da farin ɓawo a kai, yana ƙaiƙayi. Maƙwabta, da yake kowannensu likita ne idan ciwon ba a jikinsa yake ba, wannan ya ce ƙazwa ce, wancan ya ce makero ne, wani kuma ya ja da baya ya ɓoye hannunsa. Da Buroshi ya gaji ya je asibiti, likitar fata ta duba ta ce sunan abin soriyasis. Ta ce ba a ɗaukarsa daga mutum, jiki ne kawai ke gaggawar yin sabuwar fata tun tsohuwar ba ta gama faɗuwa ba, sai su taru su yi tudu. Ta ce a wasu gidajen yana bin jini, shi kuwa bai yi mamaki ba, don yayarsa ta daɗe tana fama da shi. Ta rubuta masa man shafawa ta sallame shi.

A gaskiya babu wanda zai ce Buroshi ya yi wasa da maganin nan. Kullum idan ya dawo daga aiki sai ya shige banɗaki da ledar magungunansa, ya rufe ƙofa, ya daɗe a ciki yana yin abin yadda ya kamata. Duk da haka ciwon sai gaba yake yi. Daga gwiwar hannu ya sauko bayan hannu, ya kama ƙwauri, ya bi gaɓoɓin yatsu suka tsattsage. Da safe idan ya dunƙule hannu sai tsagar ta buɗe. Bai cika damuwa ba, don bango ba ya ƙyamar mai shafa shi.

Sai Auta ta haihu. Ita ce 'yarsu ta ƙarshe, kuma ita ta fara kawo musu jika. Mijinta a nesa yake aiki, don haka ta dawo gida da jaririn ta ɗan zauna kafin ya samu hutu ya zo ya ɗauke su. Ranar da aka kawo yaron, Buroshi ya wanke hannu ya sake wankewa, ya zauna a kujera yana washe baki, aka ɗora masa shi. Ko gama kallon fuskar bai yi ba yaron ya callara kuka. Kaushin bayan yatsansa ya karci kumatun, ya bar wani ja siriri. Da Auta ta karɓe ɗanta kuma, sai ga ɗigon jini a farin zanen da aka naɗe shi, jinin tsagar hannun kakansa.

"Ba komai, Baba," in ji Auta, tana naɗe gefen zanen don kada ya gani.

Ya riga ya gani. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya tashi ya fita tsakar gida ba tare da ya san abin da ya fito yi ba. Daga ranar, idan ya shiga ɗakin sai ya harɗe hannuwansa a baya kamar mai duba aikin leburori, ya leƙa yaron daga sama, ya yi masa 'yan surutai, ya fita.

Matarsa ba ta bar shi ya huta ba.

"Baban yara, ga angona can ya tashi. Ba za ka ɗauke shi ku gaisa ba? Ko kishi kake yi?"

"Ina ruwana da wanda ya zo ya ƙwace min mata? Ko haƙori ba shi da shi."

Sai a yi dariya, shi ma ya yi. Amma abin yana cinsa a rai ƙwarai. Yana ganin mai kawo ruwa ya ɗauki yaron, matar maƙwabci ta ɗauka ta yi ta cilla shi sama, shi kuwa da jininsa ne a jikin yaron sai kallo.

Ana cikin haka Yaya, yayar nan tasa, ta zo ganin jariri. Tela ce, gajeriya, mai baki kamar almakashinta. Nata ciwon ya fi nasa nesa ba kusa ba. A da ya rufe mata baya da ciki da fatar kai, har ya shiga gaɓoɓin yatsunta suka kumbura ta kasa riƙe almakashi. Tun da aka sa ta a kan wata allura ta samu sauƙi, kuma tun daga lokacin duk inda ta zauna sai ta yi wa allurar talla kamar ana biyanta. Tana gama yi wa jaririn wasa ta juyo kan ƙanenta, ta naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Dubi nan. Ina ɓawon? Nemo min shi."

"Na gani, Yaya."

"Ba ka gani ba. Shekara nawa na yi ina shafe-shafe? Safe shafa, yamma shafa, zanin gado duk maiƙo, rigar kirki ba ta sawuwa. Bayana kuwa wa zai shafa min? Sai in yi ta murɗa hannu kamar mai kama sauro. Yanzu fa? Allura ɗaya, in manta da ita sai bayan makonni. Abin ma kamar biro yake. Ka ɗora a cinya, ka danna, ka ji ƙas, shi ke nan."

"A cinya," in ji Buroshi, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ko a ciki."

"A ciki!"

Matarsa ta kifa kai a gwiwa tana dariya. Shi kuwa ya gyara zama ya fara kare man shafawarsa. Ya ce nasa maganin a waje yake tsayawa, inda ciwon yake nan yake zuwa, ba ya ratsa jinin mutum. Ya tuna mata ita da bakinta ta ce sai da aka ɗebi jininta aka ɗauki hoton ƙirjinta kafin a fara, kuma ko mura ta kama ta sai ta yi ta waya asibiti. Ga hidimar firji, don maganin ba ya son zafi, ko tafiya za ta yi sai ta nemi ƙanƙara kamar mai sayar da kifi.

"E, duk na ji," in ji Yaya. "To nuna min hannunka, in nuna maka nawa."

Ya tura hannuwan tsakanin gwiwoyinsa.

Ba surutun Yaya ne ya karya shi ba. Bayan ta tafi ne ya ji Auta tana waya da mijinta, tana cewa to Allah ya kawo ka lafiya, mu ma mun fara haɗa kaya a hankali. Wato nan da 'yan makonni za a tafi da yaron, sai kuma ya ga hotonsa a waya yana tafiya da ƙafarsa, bai taɓa sanin hannun kakansa ba sai ranar da ya karce shi. Washegari tun kafin ya tafi aiki ya biya shagon Yaya, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Ki raka ni. A yi min allurar."

Ta ɗago daga kan keken ɗinki ta dube shi. Ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta ga idonsa, ta fasa.

Ɗakin jira na asibitin cike yake da kujerun roba da mutanen da kowa ke ɓoye wani sashe na jikinsa. Buroshi ya zauna yana kallon bango don kada ya kalli ma'aikaciyar da ke wucewa da tiren allurai. Duk wanda ya yi fentin bangon nan ya ci amana, don tsohon shafin yana ɗagowa daga ƙasa, ya kumbura kamar ƙuraje. Ya yi tsaki a ransa. Gumi kuwa sai tsattsafo masa yake yi, alhali fanka na juyawa a kansa.

Likitar matashiya ce mai gilashi, ba ta da gaggawar magana. Ta sa ya cire riga, ta duba bayansa da cikinsa da kansa, ta matsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsa ko gaɓoɓin suna ciwo ko suna sanƙarewa da safe. Ya ce a'a, fatar ce kawai. Sannan ta koma kujerarta ta yi masa bayani dalla-dalla. Man shafawa, in ji ta, na wanda ciwonsa bai mamaye jiki ba ne, yana aiki a inda aka sa shi, amma yana son haƙuri da bin ƙa'ida. Allurar kuwa daga ciki take aiki, tana kwantar da sashen garkuwar jikin da ke tayar da rigimar. Tana da ƙarfi, tana taimakon masu ciwo mai yawa da waɗanda ya shiga wa gaɓoɓi, amma tana iya rage wa jiki ƙarfin kare kansa daga wasu cututtuka, shi ya sa ake gwaje-gwaje kafin a fara, a kuma riƙa bibiya.

"Ka ji ko?" in ji Yaya, kamar ita aka yaba.

"Abin da ya ɗaure min kai, Baba," likitar ta ci gaba, "naka bai kai yawan da man zai kasa ba. Kuma ga shi yana fitowa a jere, layi-layi, kamar an ja shi. Kana shafawa kuwa?"

"Ko rana ɗaya ban taɓa fashi ba."

"To nuna min yadda kake yi. Ga hannunka, ga man."

Nan Buroshi ya ɗan samu natsuwa, don an zo fagensa. Ya buɗe ledarsa ya jera kayan a kan teburin likita: kwalin man, tsumma mai tsabta, wani ɗan ƙarfen kankare bango da ya goge shi yana ƙyalli, da guntun samfefa mai laushi a ninke, takardar nan mai yashi ta goge bango.

"Da farko sai a gyara wuri," ya ce, yana miƙe hannun hagu. "Ba a ɗora sabon shafi a kan tsohon ɓawo, Likita. Duk wanda ya yi miki haka a bango ya cuce ki, ga shaida nan a ɗakin jiranku. Sai a sa wannan a ɗaga ɓawon, a bi da samfefa a hankali har a iso lafiyayyen wuri. Idan kin ga ya yi ja yana ɗan tsattsafo da jini, to an iso. A goge da tsumma. Sannan a yi shafin farko, a bari ya sha iska, a ƙara na biyu da kauri yadda zai rufe ko'ina."

Ya ɗago yana jiran yabo. Likitar ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur. Yaya ta dafe ƙirji.

"Samfefa? Kai Buroshi! Samfefa a jikinka? Ashe abin da kake yi ke nan a banɗaki? Wayyo ni, uwarmu ta haifi ƙofar gareji!"

"Yaya, mai laushin ce fa."

Likitar ta danne dariyarta da ƙyar, ta tambaye shi da me yake wanke fenti a hannu idan ya tashi daga aiki. Ya ce da tina mana, ruwan tsinka fenti, ko kananzir idan tinar ta ƙare. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta gama haɗa lissafi.

"Baba, fata ba bango ba ce. Wannan ciwon halinsa ke nan, duk inda aka ji wa fata rauni sai ya bi wurin ya fito. Kai kullum kana share masa sabuwar hanya da hannunka. Man kuma mai ƙarfi ne, idan aka lafta shi da kauri aka daɗe ana yi, fatar sai ta yi siriri ta riƙa tsagewa. Ga tina a kai. Maganin nan bai kasa ba, ba a taɓa ba shi dama ba ne."

Buroshi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wata da watanni yana zaune yana ɓata aikin da hannunsa, yana kuma alfahari da shi. Amma ƙarƙashin kunyar akwai wata tambaya da ke motsi, ya kasa riƙe ta.

"To... allurar fa?"

"Ba yanzu ba."

Ajiyar zuciyar da ya saki sai da takardun kan teburin suka motsa. Da ba don girma ba da ya rungumi teburin.

"Ni dai allurata ba ta yi laifin komai ba," in ji Yaya, ta ɗan kumbura fuska.

"Ba ta yi ba, Mama. Naki ciwon daban, nasa daban. Ke ita ce daidai da ke, kada ki bari. Shi ma idan ya bi ƙa'ida abin ya ƙi, ko gaɓoɓinsa suka fara ciwo, zai dawo mu yi maganarta, magani ce mai kyau."

"Ba zai ƙi ba," in ji Buroshi da sauri.

Ta nuna masa ma'aunin man, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, ta ce wannan ya ishi bayan hannuwa biyu. Ta ƙara masa wani man na laushin fata wanda babu magani a ciki, ta ce wannan kam ya lafta yadda ransa ke so. Safar hannu a wurin aiki, sabulu marar ƙarfi, tina kuma ta tsaya a kan buroshi. Da Yaya ta tona zancen jikan, likitar ta ce ko yau yana iya ɗaukarsa, ya dai wanke maganin tukuna ya shimfiɗa zane mai laushi a hannu. Buroshi ya ce to. A ransa kuwa ya ce ba a miƙa wa mai gida aikin da ba a gama ba. Kafin su fita likitar ta tura hannu ta janye samfefar da ƙarfen ta jefa a aljihun tebur.

Ashe barin ɓawo ya fi allura wuya. Mutumin da ko a gidan mutane ya ga fenti ya ɗago sai ya sa farce, yanzu an ce ya zauna da shi a jikinsa ya zuba masa ido. Da labari ya iso gida, matarsa ta yi dariya har da hawaye, sannan ta share ido ta ƙwace ledar magungunan ta ce daga yau ita ce 'yar kwangila. Ita ke matso man a yatsanta ta shafa masa.

"Wannan ai rowa ce," yakan ce. "Ko ƙasan bai rufe ba."

"Yi shiru, bango ba ya magana."

Idan ta ga hannunsa ya nufi gwiwa sai ta buge shi da duk abin da ke hannunta. Satin farko bai ga komai ba sai ƙaiƙayi, har ya fara tunanin cinyarsa da abin nan mai kama da biro. Daga baya wata safiya yana wanka ya ga ɓawon yana saki da kansa, ba jini, ba zafi. Tsagar yatsun ta fara haɗewa. Tudun ya riƙa kwantawa, sai baƙin tabo a inda yake. Ya dunƙule hannu ya buɗe, ya sake dunƙulewa, babu abin da ya tsage. Daɗi ya kama shi har ya fita da kumfa a kunne.

Duk da haka bai ɗauki yaron ba. Kullum sai ya shafa bayan hannunsa a kumatunsa ya ce akwai sauran kaushi, a bari tabon ya ƙara washewa. Matarsa ta yi magana ta gaji. Auta kuwa kallonsa kawai take yi.

Ranar tafiya mijin Auta ya iso da hantsi, mota na jira a ƙofar gida. Falon ya cika da jakunkuna da bahon wankan jariri da ledojin da ba a san abin da ke ciki ba. Buroshi ya yi wanka ya sa kayan aikinsa, wai zai yi musu sallama ya wuce, don ba ya son ya ga tashin motar. Yana tsaye a tsakiyar falon, hannuwa a baya. Yaron na kuka a kafaɗar uwarsa, ita kuma tana fama da zip ɗin wata jaka da hannu ɗaya.

"Baba, riƙe min shi."

Ba ta jira amsa ba. Ta manna masa yaron a ƙirji ta saki, ta juya ta durƙusa kan jakar. Hannuwan da kansu suka fito daga baya suka tare shi.

Buroshi ya sandare. Yaron ya fi yadda yake zato nauyi, da ɗumi, da ƙanshin nono. Ya ja kukan sau biyu ya tsaya, ya buɗe ido yana kallon wannan ƙatuwar fuskar da ya saba gani daga nesa. Sannan ya laluba ya damƙi babban yatsan kakansa, a daidai inda tabon ya fi baƙi, ya riƙe gam. Buroshi ya duba kumatun, ya duba zanen. Babu komai. Ya nemi kujera da ƙafa ya zauna a hankali, hawaye na bin gemunsa, bai da hannun sharewa kuma bai nema ba.

Auta ta daɗe da rufe jakar. Aka kwashe kaya aka kai mota, mijinta ya shigo ya fita ya sake shigowa, direba ya danna ham. Ta zo ta tsaya a gaban mahaifinta, ita ma idonta ya cika.

"Baba, kawo shi. Mota na jira."

Bai ɗago ba.

"Ta jira," ya ce.